Makulli a Hannu, Amana a Wuya: Fashin Baƙi Kan Aikin Jami'in Kula da Yaran da Ke Tsare

Ranar Juma'a, 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhume-tuhumen da suka danganci zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar, har da tuhumar cin amanar ƙasa. Da dama daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 18 ba, waɗanda aka kamo daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa, kuma ana cikin zaman ne huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. An sanya belin naira miliyan 10 a kan kowane mutum ɗaya. Hotunan suka karaɗe kafafen sada zumunta, ƙasa ta ɗauki zafi, ranar 4 ga wata Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, washegari kuma Mataimakinsa Kashim Shettima ya damƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna a fadar shugaban ƙasa.

An yi ta muhawara a kan tuhumar da kuɗin belin, amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ramar da ke jikin yaran, domin yaro ba ya ramewa haka a kwana ɗaya. Kusan wata uku suka yi a tsare, kuma a kowace rana daga cikin kwanakin nan akwai babban mutum da ke riƙe da makullin ɗakin da suke, wanda ya san ko sun ci ko ba su ci ba, ya san mai tari da dare, ya san wanda ya daina magana. Wannan matsayi na mutumin da hukuma ta damƙa wa ɗan wani a bayan ƙofa kulle aiki ne mai zaman kansa, yana da dokokinsa da ƙwarewarsa, kuma jama'armu ba su san shi ba sai ranar da ya lalace.

A bakin mutane duk inda ake tsare yaro sunansa ɗaya, gidan kangararru, alhali kuwa sai an bambance aya da tsakuwa. Akwai gidan da ake ajiye yaro na ɗan lokaci yana jiran kotu ta gama da maganarsa, kuma irin wannan yana hannun ma'aikatun mata da walwalar jama'a na jihohi. A Abuja Hukumar Babban Birnin Tarayya ce ke da alhakin lamuran yara. Akwai kuma Bostal, gidan horo na gwamnatin tarayya ga matasa 'yan shekara 16 zuwa 21 da kotu ta riga ta samu da laifi, inda zaman ba ya wuce shekara uku. Sunan ya samo asali ne daga wani ƙauye a yankin Kent na Ingila, inda aka fara gwada ware matasa daga manyan fursunoni a 1902. Ingila ta soke tsarin da wata doka ta 1982, mu kuwa dokarmu ta 1962 tana nan tana aiki, kuma gidaje uku ne aka daɗe da sani a faɗin ƙasar nan: na Kakuri a Kaduna, da na Ilori, da na Abeokuta. Mafi kusa da Abuja daga cikinsu shi ne na Kakuri, tafiyar kusan kilomita 200. Saboda haka jami'an ma iri biyu ne. Akwai mai kaki, ma'aikacin Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wanda har yau jama'a ke ce wa gandiroba, akwai kuma jami'in walwala mai kayan gida. Horonsu daban, albashinsu daban, amma abin da doka ke nema daga gare su a kan yaro ɗaya ne.

Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja ba tare da jiran wata majalisar jiha ba, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Ta ce ba a bin da shi ta hanyar shari'ar manya, kotun iyali ce ke sauraron maganarsa, ba a bayyana sunansa ga jama'a, ba a yi masa hukuncin bulala ko ɗauri a kurkuku ko kisa, kuma tsare shi kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, na mafi ƙanƙantar lokaci. Tushen waɗannan tanade-tanade yana cikin Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, da Ƙa'idojin Beijin na 1985 kan shari'ar yara, da Ƙa'idojin Habana na 1990 kan yaran da aka tsare. A watan Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari, kuma ita ma ta hana ajiye yara a gidajen manya, ta kuma umarci a gina Bostal na maza da na mata a kowace jiha. A takarda ke nan. Jami'in da ke bakin ƙofa shi ne wanda takardar nan take sauka a kansa, ko an ba shi kayan aiki ko ba a ba shi ba.

Aikin yana farawa ne daga lokacin da mota ta tsaya aka sauko da yaro. Abu na farko shi ne takardar umarnin kotu, domin ba a karɓar yaro da baki, ko da wanda ya kawo shi babba ne. Sannan a duba jikinsa a gaban wanda ya kawo shi, a rubuta duk wani rauni ko kumburi ko shatin ankwa, domin idan ba a rubuta a ranar ba, nan da mako guda babu mai iya cewa a caji ofis aka yi shi ko a cikin gidan. A lissafa abin da ya zo da shi, ko da naira 200 ce da laya da wayar da fuskarta ta fashe, a sa hannu. A tambaye shi sunan mahaifi da unguwa da lambar wayar da ya haddace, idan akwai.

Sai maganar shekaru, wadda a ganina ita ce ƙullin da ya fi kowane wuyar kwancewa. Kundin dokokin laifuffuka na Final Kod, wanda ke aiki a Abuja, ya ce a sashe na 50 yaron da bai kai shekara 7 ba ba shi da laifi ko kaɗan, wanda ke tsakanin 7 da 12 kuma sai an tabbatar hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin yara ya ba ƙasashe shawara a 2019 da kada wannan iyaka ta gaza shekara 14. Duk waɗannan lambobi suna bukatar a san ranar haihuwa, kuma yaron da ya hau motar albasa daga ƙauyensu ya sauka a Dei-Dei ko Zuba, ya shiga jari-bola ko dako, bai taɓa ganin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ba. Idan aka kama shi aka ga ya yi tsawo, murya ta buɗe, sai a rubuta 19 a takardar tuhuma, lambar nan guda kuma ita ce za ta kai shi gidan yarin Kuje ko na Suleja cikin manya. A wani gefen kuma akwai ƙato ɗan shekara 24 da ya san dawan garin, ya ce shi 17 gare shi, ya shigo cikin yara ya zama zaki. A al'adarmu balaga ce ke raba yaro da babba, a doka kuwa shekara 18 ce, kuma tsakanin ma'aunan nan biyu akwai shekara uku ko huɗu da ake asarar yara da yawa a cikinsu. Gogaggen jami'i ba ya tsayawa a kan abin da aka rubuta. Zai tambayi yaro ajin da ya tsaya, da izu nawa ya kai a allo, da azumi nawa ya cika, da ko ƙanensa nawa, ya nemi wani daga dangi ko mai unguwa, sannan ya rubuta wa kotu abin da ya gano domin ta yi binciken shekaru, wanda doka ta ba ta ikon yi.

Daren farko ya fi kowane dare haɗari. Yaron da ya yi ta cika baki da rana, yana harara yana cewa shi ba ya tsoron kowa, shi ne za a ji yana shessheƙa bayan an kashe fitila, fuskarsa a jikin bango. Wani zai yi fitsarin kwance, abin da rabonsa da shi tun yana ɗan shekara biyar. Abin da jami'in dare ya yi da asubar nan yana da nauyi fiye da wa'azin wata guda. Idan ya daka tsawa ya sa aka fitar da tabarmar a gaban kowa, yaron ya sami sunan da zai bi shi har ya bar gidan, kuma zai nemi wanke sunan da faɗa. Idan kuwa ya tashe shi kafin kiran salla, ya miƙa masa bokiti da sabulu ba tare da ya ce uffan ba, ya shanya tabarmar a bayan ɗaki, to ya sami mutum guda da zai zo ya faɗa masa gaskiya ranar da wani abu ke shirin faruwa a ɗakin.

Wannan yarda ita ce jarin aikin, domin mafi yawan cutar da ke samun yaro a tsare daga 'yan uwansa yara take zuwa, kuma da dare take zuwa. Ƙa'ida ita ce a raba mai jiran shari'a da wanda aka samu da laifi, a raba ƙanana da manya, a raba wanda ya ɗauki wayar wani a kasuwar Nyanya da wanda ya soki mutum da wuƙa. Inda ɗakuna suka yi kaɗan, rabon ba ya yiwuwa yadda ya kamata, sai jami'i ya koma ga sanin wa zai kwanta kusa da wa. Akwai wata gajeriyar hanya da gajiyayyen ma'aikaci ke bi, wato ya naɗa mafi ƙarfi shugaban ɗaki ya bar masa komai. Ɗakin zai yi tsit, amma shirun nan na tsoro ne, kuma a ƙarƙashinsa ake ƙwace nama da bargo, ake sa ƙanana wanki da tausa, har abin ya kai ga lalata da su, abin da kunya ke hana yaron faɗa ko da an tambaye shi. Jami'in kirki yana zagaye a lokutan da ba a zata ba, yana lura da wanda ya daina cin abinci, da wanda ke ƙin shiga banɗaki sai an fito, da wanda tafiyarsa ta sauya.

A nan ne ake zuwa ga tambayar da kowane uba zai yi: idan an hana bulala, da me za a tanƙwara yaron da ya gagari gidansu? Ƙa'idojin Habana sun fayyace abin da aka haramta. Ba duka, ba kulle yaro shi kaɗai ko a ɗaki mai duhu, ba rage masa abinci, ba hana shi ganin iyayensa da sunan horo, ba mayar da aiki ya zama azaba, ba hukunta ɗaki gaba ɗaya saboda laifin mutum ɗaya, kuma ma'aikaci ba ya ɗaukar makami a cikin gidan. Ƙarfi ana amfani da shi ne kawai don hana yaro ji wa kansa ko wani ciwo ko yin mummunar ɓarna, gwargwadon bukata, sannan a rubuta rahoto. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ƙara da cewa umarnin na gaba ba hujja ba ne. Mutane da yawa suna ganin wannan sangarta ce ta Turawa, suna kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban raina karin maganar ba, amma ya kamata a dubi bayan yaran nan kafin a yi ta. Kusan babu wanda ke isowa gidan tsare yara bai sha dorina ba. Ya sha a gida, ya sha a makaranta, ya sha a hannun 'yan sintiri da jama'ar da suka kama shi. Da duka na gyara shi, da bai iso nan ba. Abin da duka ya koya masa shi ne mai ƙarfi ke da gaskiya, kuma da wannan darasi ya fita ya tare wanda ya fi shi rauni. Mun kuma ga inda hanyar mari da sarƙa take ƙarewa a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi, da zaton gyara ake yi.

Abin da ya rage a hannun jami'i bayan an karɓe bulala ya fi bulalar wuyar riƙewa. Dokokin gidan su zama 'yan kaɗan, a karanta wa kowane yaro su da harshen da yake ji, kuma su zama iri ɗaya a hannun mai aikin safe da mai aikin dare. A saurari yaro kafin a hukunta shi. Hukuncin ya dace da laifin, ya kuma kasance yana da ranar ƙarewa: wanda ya fasa kwano a fusace ya rasa ƙwallon yamma na kwana biyu, ya kuma taimaka a gyara abin da ya ɓata. Idan faɗa ya kaure, a raba su, a bar zuciya ta sauka, sannan a zaunar da su a yi sulhu irin wanda dattawan unguwa suka saba, kowa ya faɗi nasa, mai laifi ya nemi afuwa da bakinsa. Sama da duka, kada jami'i ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Idan ya ce gobe zai kira mahaifiyar yaro, to ya kira, ko da da katinsa ne, domin yaran nan sun ƙware wajen gane babban da maganarsa ba ta da nauyi. Da yawa daga cikinsu wannan ne karon farko da za su ga mai iko da su ya yi fushi bai ɗaga hannu ba, kuma ya yi kuskure ya amsa.

Shaye-shaye yana ƙara dagula makon farko. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma a watan Mayun shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Yaron da ya saba da tiramol ko sholisho ko wiwi, idan aka yanke masa rana ɗaya, zai yi gumi, ya kasa barci, jiki ya yi ta ciwo, ya riƙa tsokanar kowa. Wanda bai sani ba zai ce taurin kai ne ya hukunta shi, wanda ya sani kuwa zai kira ma'aikacin lafiya, ya sa ido a kansa dare da rana, domin yanke tiramol farat ɗaya na iya jefa yaro cikin mawuyacin hali, kuma a irin kwanakin nan ne wasu ke yunƙurin hallaka kansu. Ƙazuwa da makero da kwarkwata da kuɗin cizo kuwa abokan cunkoso ne, maganinsu ruwa da sabulu da rana. Abinci ma haka yake. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙara kuɗin ciyar da kowane mutum a gidajenta daga naira 750 zuwa naira 1,125 a rana, kuma duk wanda ke cefane a kasuwar Wuse ko Karu ya san abin da kuɗin nan za su saya wa ɗan shekara 16 mai girma sau uku a yini. Jami'i ba shi ke yanke kasafi ba, amma shi ke tsayawa a kan tukunya ya tabbatar abin da ya fito daga sito ya shiga cikin kwano.

Akwai wani ɓangaren aikin da ba a gani daga waje, wato bin sawun shari'a. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma yara ba su tsira daga wannan jinkiri ba. Ranar zama ta zo babu man mota, ko mai gabatar da ƙara an yi masa sauyin wurin aiki, ko fayil ya tafi neman shawarar lauyoyin gwamnati bai dawo ba. Yaro ba shi da bakin tunatar da kowa, saboda haka jami'in walwala ne ke riƙe da littafin ranaku, shi ke zuwa wurin magatakardan kotu, shi ke neman lauyan Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, shi ke rubuta rahoton halin da yaron ya taso a ciki, wanda alƙali zai duba kafin ya yanke shawara. Rahoton nan ba a rubuta shi daga kan tebur. Sai an shiga Gwagwa ko Karmo ko Mararaba an ga ɗakin, an ji daga makwabta, an san ko uwa tana gidan ko an sake ta, ko akwai kawun da zai tsaya. Dokar 2003 ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙananan laifuffuka ta hanyar sulhu da biyan diyya ba tare da an je kotu ba, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 kuma ta wajabta wa alƙalan majistare zagaya caji ofis duk wata. Da ana aiki da tanade-tanaden nan biyu yadda aka rubuta su, da yaran da ke isowa ƙofar jami'in sun ragu ƙwarai.

Na taɓa zama a kan benci a ranar ziyara a wani gida irin wannan, na ga wata mata ta shigo da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali, ta tsaya nesa da ɗanta kamar mai jin nauyinsa.

“Yallaɓai, yana cin abinci kuwa?”

“Yana ci, Mama. Sai dai tun shekaranjiya yake tambayata ko babansa zai zo.”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam ya ce ya cire shi daga cikin 'ya'yansa.”

Jami'in bai yi mata wa'azi ba. Ya ɗauko biro ya ce, “Ki ba ni lambar ƙaninsa ko ta limamin unguwarku. Ni zan je in same su.”

Wannan tafiya ba ta cikin abin da ake biyansa, amma ya san cewa duk abin da aka gina a cikin gidan zai rushe idan babu ƙofar da za ta buɗe wa yaron ranar da ya fita. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma sau da yawa uban da ya yi rantsuwa cikin fushi yana jiran wanda zai ba shi hanyar saukowa ne ba tare da ya ji kunya ba. Ƙa'idojin Habana sun ce ziyara ta kasance sau ɗaya a mako, kada ta gaza sau ɗaya a wata. Uwar da ke sayar da awara a Mararaba, idan an kai ɗanta Kakuri, kuɗin motar zuwa da dawowa jarinta ne gaba ɗaya, shi ya sa nisan gidajen nan kansa wani hukunci ne da alƙali bai yanke ba. Gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu, kuma a ganina da gidajen yara ya kamata a fara, ƙanana, kusa da iyaye. Akwai kuma iyayen da ke kawo ɗa da kansu su ce ya fi ƙarfinsu a ajiye musu shi. Jami'in da ya san aikinsa ba ya karɓa sai da umarnin kotu, kuma yakan gano cewa matsalar ba a jikin yaron kaɗai take ba.

'Yan mata ba su da yawa a tsare, kuma ƙarancinsu ne ya sa ba a yi musu tanadi. Dole mace ce za ta kula da su, ta bincike su, ta kwana kusa da su, a tanadar musu audugar al'ada, a kuma tuna cewa da yawa daga cikinsu an cuce su ne kafin su cuci wani.

Shi kansa jami'in mutum ne mai iyali, wanda watakila daga Masaka ko Suleja yake tasowa kullum saboda hayar cikin gari ta fi ƙarfin albashinsa. Yana iya kwana shi kaɗai da yara masu yawa, a zage shi, a tofa masa yawu, wata rana a kai masa naushi, kuma ana bukatar ya dawo washegari ba tare da ya riƙe yaron a zuciya ba. Jarabawa tana zuwa masa ta fuska biyu. Akwai ta kuɗi, inda iyaye masu hali ke miƙa wani abu don a fifita ɗansu ko a shigar masa da waya. Akwai ta zuciya, inda gajiya ke sa shi ya fara cewa hali zanen dutse ne, waɗannan ba za su gyaru ba, kuma daga ranar da ya yarda da haka ya koma mai gadi kawai. Ƙa'idojin Habana sun nemi a zaɓi ma'aikatan da kyau, a horar da su kan halayyar yara, a biya su abin da zai riƙe nagari, sun kuma ɗora wa kowannensu wajibin kai rahoto idan ya ga abokin aikinsa yana cin zarafin yaro. Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi, domin wanda za ka kai ƙara shi ne wanda za ku yi aikin dare tare gobe. Saboda haka bai kamata a bar shi shi kaɗai da wannan nauyi ba. Sai masu sa ido daga waje, irin su Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da alƙalai, sun riƙa shigowa ba tare da sanarwa ba, suna ganawa da yara a inda ma'aikaci ba ya ji. Tura gandiroban da ya shekara goma a gidan manya zuwa gidan yara ba tare da sabon horo ba zalunci ne a kansa da kuma a kan yaran.

Karatu da sana'a su ne abin da ke cika yini, kuma yini maras aiki shi ne mafarin yawancin rigingimu. A Bostal ana koyar da kafinta da ɗinki da walda da aikin lantarki, wasu kuma suna zana jarabawar kammala sakandare daga ciki. Ƙa'ida ta ce kada takardar shaidar da yaro ya samu ta nuna cewa a tsare ya same ta, domin kada ta zama tambarin da zai hana shi aiki. Amma takarda ba ta isa ba, shi ya sa shirin sallama yake farawa watanni kafin ranar. Jami'i zai nemi wani oga a garejin makanikai na Apo ko a kasuwar kujeru ta Kugbo, ya faɗa masa gaskiyar abin da yaron ya yi da abin da ya koya, ya roƙe shi ya gwada shi wata uku. Zai koma ga limamin nan da kawun nan ya ji inda magana ta kwana. Ranar fita kuma zai mayar wa yaron kayansa kamar yadda aka lissafa su, ya nemo kuɗin mota, idan ta kama ya raka shi har ƙofar gida, ya yi sallama da kansa, ya tsaya a zaure har mai gidan ya fito.